Babi na Biyar: Me Ya Kai Siyasa Sararin Samaniya?

Tambayar takan zo da ɗan haushi. Mutum ya gama fafutukar yini, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa ya kunna fim mai dogon zango irin na 'yan sama jannati, yana son ganin kumbo na keta taurari. Ana cikin tafiya sai jarumar ta dakata, ta juyo kamar shi take kallo, ta shiga yi masa bayani kan ɗumamar yanayi ko wariyar launin fata. Sai ya ce: ni da na gudo daga labaran ƙarfe takwas, me kuma ya kawo siyasa nan? Ba a iya barin labari ya zama labari?

A Amurka da Birtaniya, inda aka fi shirya ƙagaggun labaran kimiyya na talabijin, wannan ƙorafi ya zama sana'a guda. Akwai masu tashoshin YouTube da ba su da aiki sai fitar da bidiyo duk mako suna cewa an lalata Star Trek, an kashe Doctor Who, Star Wars ya koma gangamin jam'iyya. Masu mayar musu da martani kuma suna cewa duk mai wannan magana bai san tarihi ba, ko yana da wata ƙullalliya a ransa. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya. Kafin a raba musu gardama, sai an koma shekarar 1955.

Ƙofar da aka rufe wa Serling

A watan Agustan 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Mississippi, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya a kanti. Aka gurfanar da mutum biyu. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, waɗanda duk farare ne, suka wanke su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Bayan 'yan watanni mutanen nan suka amsa laifinsu a wata mujalla, har aka biya su kuɗin hira, tunda doka ba ta yarda a sake yi musu shari'a ba.

Wani matashin marubucin talabijin mai suna Rod Serling ya ɗauri aniyar mayar da abin wasan kwaikwayo. A zamanin, kamfani mai talla shi ke ɗaukar nauyin shiri ɗungurungum, har sunansa shirin ke amsawa. Wanda zai nuna wasan Serling na wani katafaren kamfanin ƙarfe ne. Serling ya san ba za a bar shi ya sa baƙar fata ba, don haka tun daga farko ya mayar da wanda aka kashe wani tsohon Bayahude. Duk da haka, da labari ya fita cewa Till ake nufi, sai dubban wasiƙu suka fara zuba daga ƙungiyoyin fararen Kudu, suna barazanar ƙaurace wa kamfanin. Nan aka sa wa wasan almakashi. Aka ɗauke garin daga Kudu aka kai shi can arewa maso gabas. Tsohon ya koma wani baƙo da ba a faɗi ƙasarsa ba. Hatta kwalaben Coca-Cola aka kwashe daga inda ake ɗaukar wasan, kada mai kallo ya tuna Kudu, mahaifar lemon. Abin da aka nuna a 1956 da sunan Noon on Doomsday ɓawo ne kawai.

Ya sake gwadawa a 1958. Wannan karon aka tura labarin baya zuwa shekarun 1870, yaron kuma ya zama ɗan Meziko. Serling ya ga in ya ci gaba a haka ba zai taɓa gama jimla ba. A 1959 ya fara The Twilight Zone a tashar CBS, shiri mai kashi 156, wanda shi da hannunsa ya rubuta 92 daga ciki. Wasu abokansa sun ɗauka ya bar rubutun kirki ya koma shirme na dodanni. Shi kuwa ya gano abu guda: abin da ba a yarda ɗan jam'iyyar Democrat ko Republican ya faɗa a talabijin ba, in aka sa a bakin ɗan duniyar Mars, ba mai tsayar da shi.

Faɗa da kaza

Duk wanda ya taso a gidan yawa ya san matar da ke tsaye a tsakar gida tana yi wa kaza faɗa: ke dai ba ki da aiki sai leƙa ɗakin mutane, kina tona abin da ba a aike ki ba. Kazar ba ta san ana yi ba. Wadda ake nufi tana ɗaki tana ji, kuma ba ta da bakin kai ƙara wurin maigida, don ba a kama sunanta ba. Halittun wata duniya su ne kazar marubucin talabijin. Masu kallon Kwana Casa'in a Arewa24 sun san dabarar: babu jihar Alfawa a taswira, amma kowa ya san inda ake jifa.

A duba kashin da Serling ya fitar a watan Maris na 1960, mai suna The Monsters Are Due on Maple Street. Wata unguwa ce mai zaman lafiya. Wani abu ya gilma a sama da ƙara, sai wuta ta ɗauke, waya ta mutu, motoci suka ƙi tashi. Maƙwabta suka fito titi suna tambayar juna. Wani yaro ya ce ya karanta a littafi cewa in baƙin halittu za su kawo hari, sukan fara turo wasu su zauna cikin mutane da siffar mutane. Aka yi dariya. Can sai motar wani maƙwabci ta tashi da kanta. Ido ya koma kansa. Wata ta tuna tana ganinsa da tsakar dare yana kallon sama. Daga shi zargi ya koma kan mai rediyo a ɗakin ƙasa. Da duhu ya yi, aka hango mutum tafe, wani ya ɗauki bindiga ya harbe shi, ashe maƙwabcinsu ne da ya je leƙa titin gaba ko da wuta. Kafin gari ya waye unguwar ta kama da jifa da harbi. A kan tudu kuwa, baƙin halittu biyu na tsaye da wata 'yar na'ura, suna kunna wuta suna kashewa, ɗaya yana gaya wa ɗaya cewa wannan kaɗai ya isa, sauran aikin mutanen za su yi wa kansu.

Ba a ambaci Sanata Joseph McCarthy ba, wanda ya shafe farkon shekarun 1950 yana farautar 'yan kwaminis a gwamnati da ma'aikatu, lokacin da zargi kaɗai ke raba mutum da aikinsa. Ba a bukatar ambatonsa. Shi ya sa ma kashin bai tsufa ba: wanda bai taɓa jin sunan McCarthy ba, in ya taɓa zama a garin da jita-jita ta haɗa maƙwabta faɗa, zai gane Maple Street.

Kumbon Enterprise

A watan Satumban 1966 tashar NBC ta fara nuna Star Trek, na Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgi kuma tsohon ɗan sanda. Tun kafin wani ya buɗe baki, zaman ma'aikatan kumbon kaɗai magana ce. Mai kula da sadarwa, Laftanar Uhura, baƙar mace ce, a lokacin da aka fi ganin baƙar mace a talabijin tana shara ko raino. Wanda ya fito a matuƙin kumbon, George Takei, ɗan asalin Japan ne da gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani yana yaro lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A zango na biyu aka ƙaro ɗan Rasha, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, ta sha ba da labarin yadda ta yi niyyar ajiye aikin, Martin Luther King ya hana ta.

A Nuwamban 1968 aka nuna Kyaftin Kirk, wanda fari ne, yana sumbatar Uhura. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohi 16 da suka haramta aure tsakanin fari da baƙi. Ko a nan sai da aka nemi kaza: a labarin, wasu halittu masu sarrafa jikin mutum da ƙarfin tunani ne suka tilasta musu.

Kada kuma a ɗauka mutanen da duk gwanayen habaici ne. A Janairun 1969 an nuna wasu mutum biyu daga duniyar Cheron, kowanne rabin fuskarsa fari, rabi baƙi. Ɗaya ya shekara 50,000 yana farautar ɗaya. Ma'aikatan kumbon suka rasa gane bambancinsu, sai mai farautar ya yi bayani cikin takaici: shi baƙinsa a dama yake, wancan kuwa a hagu. Da suka isa duniyarsu, suka tarar kowa ya mutu a yaƙin ƙabilanci. Wannan ko yaron firamare ya san me ake nufi. In nuna saƙo ƙarara shi ne laifin, to tun 1969 ake aikata shi.

Birtaniya ma haka. Dodannin Dalek na Doctor Who, masu ƙin duk wanda ba irinsu ba, daga 'yan Nazi marubucinsu Terry Nation ya ɗauko su. A 1988 shirin ya nuna wata shugaba mai tilasta wa talakawanta fara'a, wadda kowa ya gane Firaminista Margaret Thatcher ce tana kan mulki. Wani lokacin kuma kazar ba ta isa rufa asiri ba. Wani kashi na Star Trek na 1990 ya ambaci cewa tsibirin Ireland zai haɗe a 2024 bayan gwagwarmayar makami. BBC ta tsallake shi, ba ta nuna ba sai 2007.

To me ya canza?

Abu na farko, lokaci yana wanke siyasa. Sumbar 1968 ba ta tayar wa Ba'amurken yau hankali, don haka in ya kalli tsohon shiri sai ya ga labari zalla. Gardamar da aka riga aka gama ba ta kama da siyasa. Wadda ake kan yi ita ke sukar ido.

Akwai kuma wani kaso na masu ƙorafin da bai kamata a ɓata lokaci a kansu ba. An sanar da Jodie Whittaker a matsayin mace ta farko da za ta ja Doctor Who a Yulin 2017, kashinta na farko bai fito ba sai Oktoban 2018. Waɗanda suka yanke hukunci a tsakanin nan ba rubutu suka karanta ba. A 2022 kuma 'yar wasa Moses Ingram ta nuna irin saƙonnin zagi na wariyar launi da aka yi ta aiko mata saboda fitowarta a wani shirin Star Wars. Wanda ganin baƙar fuska kaɗai ke zame masa "siyasa", matsalarsa ba ta alƙalami ba ce.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. In aka ware waɗannan, akwai sauran ƙorafi mai tushe, kuma masu kare fina-finan nan sukan yi amfani da na farkon su toshe kunne daga na biyun.

A watan Maris na 2022, a ƙarshen zango na huɗu na Star Trek: Discovery, ƙofa ta buɗe, shugabar duniya baki ɗaya ta fito. Wadda ta fito a matsayin ita ce Stacey Abrams, 'yar jam'iyyar Democrat wadda a daidai lokacin take takarar gwamnan jihar Jojiya. A labari, ƙarni na 32 ake ciki. A zahiri, saura wata takwas zaɓe. Masu shirin sun ce ita tsohuwar masoyiyar Star Trek ce, kuma haka ne. Duk da haka, a nan an kori kazar, an kama suna. Mai kallo ɗan ɗaya jam'iyyar ya ji an ce masa gobe ba tasa ba ce, kuma ban ga laifinsa ba in ya kashe talabijin. Siyasa daban, kamfe daban.

Wani misalin daga Doctor Who ne, kashin Orphan 55 na Janairun 2020. Jaruman sun je wani wurin shaƙatawa a wata mutacciyar duniya mai cike da dodanni. Daga baya suka gano duniyar tamu ce bayan ɗumamar yanayi da yaƙi sun gama da ita, dodannin kuma jikokin 'yan Adam ne. Wannan ya isa. Mai kallo ya riga ya ji a jikinsa. Amma sai aka sa jarumar ta tsaya a ƙarshe ta yi doguwar nasiha, tana fassara abin da aka gama nunawa. Masu suka da yawa da suka yarda da kowace kalma ta saƙon sun ce kashin bai yi ba. Shirin nan kuwa tun 1973 ya taɓa batun gurɓata muhalli, da labarin wani kamfani mai zuba dagwalo a ramin haƙar kwal a Wales har tsutsotsi suka zama ƙatti, kuma har yau ana tuna shi da daɗi. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Bahaushe. Marubucin da ya biyo bayan kurciyar da lasifika yana fassara, ya nuna bai ɗauki mai kallo mai hankali ba, kuma mai kallo yana jin rainin.

Akwai kuma dalilin da ba na aƙida ba, wanda ba a cika faɗa ba. Star Trek: The Next Generation, daga 1987 zuwa 1994, yakan fitar da kashi 26 a yawancin zangonsa, jimla 178. A cikin 26, a yi uku ko huɗu masu saƙo mai nauyi, sauran a yi na raha, na soyayya, na warware wata matsalar inji, har da na banza. Kafin kyaftin ya yi maka jawabi, ka riga ka san shi, ka ga kurakuransa. Yanzu zango kashi 10 ne ko 8, labari guda ne miƙe, kuɗin kowane kashi ya kai na ƙaramin fim. In saƙon bai yi maka ba, ba kashin mako mai zuwa da za ka huta a ciki. Su kansu marubutan an rage yawansu da tsawon lokacin aikinsu, ƙanana ba sa samun zama a wurin ɗaukar fim su ga yadda jimlar da ta yi kyau a takarda ke yin nauyi a bakin ɗan wasa. Wannan na cikin abin da ya kai ƙungiyar marubutan Amurka yajin aikin kwana 148 a 2023. A ƙarshen shekarar, shugaban kamfanin Disney, Bob Iger, ya fito fili ya ce masu shirya musu fina-finai sun shagala, nishaɗantarwa ya kamata ta zo kafin saƙo. Maganar ɗan kasuwa ce da ya ga ciniki ya ja baya, amma ta nuna ƙorafin ya kai sama.

A ba wa abokin gaba baki

Idan yawan siyasa ne cutar, da fina-finan da suka fi siyasa su ne aka fi ƙi. Abin kuwa ba haka yake ba.

A 1993, Star Trek: Deep Space Nine ya nuna wani kashi mai suna Duet, wanda kusan dukkansa mutum biyu ne a ɗakin tsare fursuna. Manjo Kira tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce, daga al'ummar Bajor da Kardasiyawa suka mamaye shekara 50. Wani Bakardashe ya sauka neman magani, ciwonsa kuma irin wanda ba a kamuwa da shi sai a wani sansanin gwale-gwale da ita Kira ta taimaka aka 'yantar. Ta sa aka kama shi. Da farko ya ce shi akawu ne mai ajiye fayil. Da aka matsa, sai ya amsa cewa shi ne kwamandan sansanin, ya shiga alfahari da kisan da ya yi, yana dariya, yana tambayarta ita ma fararen hula nawa bama-bamanta suka kashe. Kira ta ƙagu a rataye shi, mai kallo ma haka. Sai bincike ya nuna kwamandan ya mutu shekaru da suka wuce. Mutumin nan akawun ne da gaske. Tiyata ya yi ya ɗauki fuskar maigidansa, don a gurfanar da shi, ƙasarsa ta amsa laifinta a idon duniya. Abin da ke cinsa shi ne yana jin ihun fursunoni da dare, ya toshe kunne ya yi kuka, bai taɓa ɗaga yatsa ba. Kira ta sake shi. Tana raka shi ke nan wani ɗan ƙabilarta ya daɓa masa wuƙa, dalilinsa kawai shi Bakardashe ne, dalilin da ita ma da safiyar ranar za ta iya karɓa.

Ba wanda ya juyo ya yi wa mai kallo bayani. An bar shi ya ƙi mutumin nan tare da Kira, sannan ya ji kunya tare da ita.

Battlestar Galactica ya fi haka tsauri. A Oktoban 2006, lokacin da sojojin Amurka ke Iraƙi, shirin ya buɗe zango na uku da 'yan Adam a ƙarƙashin mamayar Sailon, mutum-mutumin da su suka ƙera. 'Yan mamayan sun ce sun zo kawo zaman lafiya ne. Sun kafa gwamnatin je-ka-na-yi-ka, sun ɗauki 'yan sanda daga cikin mutanen, suna kame da dare. Jaruman da Ba'amurke ya shekara biyu yana so, su ne suka koma dasa bam, har ɗayansu, wanda aka kashe wa mata, ya yi ƙunar baƙin wake a bikin yaye 'yan sanda. Mu da muka ga irin wannan ta'asa a Maiduguri da Kano ba ma kallon wurin nan da sauƙi, kuma shirin bai wanke aikin ba. Tsohuwar shugabarsu ta ce a daina. Kanar ɗin da ya ba da umarni, wanda aka ƙwaƙule wa ido a tsare, ya ƙi, daga baya kuma da hannunsa ya ba matarsa guba saboda ta kai wa maƙiya rahoto don ta cece shi. Kowa ya biya farashin matsayinsa.

Na baya-bayan nan shi ne Andor, na Tony Gilroy, wanda ya fito a 2022 da 2025. A duk gidan Star Wars babu mai siyasarsa: mulkin kama-karya, kotun da ke yanke wa mutum shekara shida don ya bi ta inda ake kame, kurkuku mai daɓen lantarki inda fursunoni ke aiki ba takalmi, kisan masu zanga-zanga da ƙaryar da aka shirya tun kafin a yi shi. Amma masu ƙorafin wa'azi da yawa sun yaba masa. Ma'aikatan azzalumar gwamnatin mutane ne. Akwai ƙaramin jami'in da ya nace sai an binciki kisan abokan aikinsa biyu alhali maigidansa na son a rufe, kuma a takarda shi ke da gaskiya. Akwai jami'ar leƙen asiri mai ƙwazo da za ka sami kanka kana so ta yi nasara a kan mazan ofishinsu, har ranar da za ka ga tana azabtar da fursuna. Jagoran 'yan tawayen kuma yakan sayar da nasa mutanen don ya kare ɗan leƙen asiri ɗaya.

Siyasar da ba ta ɗaga murya

Duk wannan gardama ta Turawa ce a kan abin da ke sukar kunnensu. Mai kallo daga Kano ko Damagaram yana da nasa lissafin, domin saƙon da ya fi shiga jiki shi ne wanda marubucin ma bai san ya sa ba.

A 1987, a farkon The Next Generation, kumbon ya je wata duniya neman allurar rigakafi. Mutanen duniyar duk baƙaƙe ne, da rawuna da tufafi irin na Afirkar da ke cikin kan Bature. Sarkinsu ya ga wata farar jami'a, ya sace ta, aka ƙare da faɗan mutuwa tsakaninta da uwargidansa. Ba wanda ya yi jawabi a kashin nan. Jonathan Frakes, ɗaya daga manyan 'yan wasan, ya sha kiransa abin kunya na wariyar launi, amma sai da aka rubuta shi, aka ɗauka, aka nuna. Laifi tudu ne. Haka nan ba a cika tambaya ba me ya sa tarayyar duniyoyin Star Trek ta nan da shekara 300 take da hedikwatar rundunarta a San Francisco, take tunani da ɗabi'a irin ta Ba'amurke mai digiri.

Gwamnatoci kuwa ba su taɓa ɗaukar labaran nan wasan yara ba. A 2011 hukumar kula da talabijin ta ƙasar Sin ta gargaɗi masu shirya wasanni kan labaran komawa zamanin da, tana cewa suna wasa da tarihi. Littafin Liu Cixin, The Three-Body Problem, an mayar da shi fim sau biyu, kamfanin Tencent a 2023, Netflix a 2024. Na Netflix ya buɗe da 'yan juyin al'adu na zamanin Mao suna dukan wani farfesa har lahira a gaban taro a 1966, sannan ya kwashe yawancin jaruman ya kai Ingila. Masu kishin ƙasa a Sin suka ce an zaɓi munin nasu an nuna, an ba Turawa aikin ceton duniya. Wurin yana cikin littafin, ba ƙirƙira aka yi ba. Amma abin da aka sa a gaba da wanda aka ba jarumta, zaɓi ne, kuma wani ne ya yi shi.

Akwai zaɓin da ya fi waɗannan girma a wurin mai karatun wannan littafi. A yawancin fina-finan nan, in aka nuna ɗan Adam na gobe, ba shi da masallaci, ba shi da coci. Addini na baƙin halittu ne, ko na waɗanda ba su waye ba tukuna. Roddenberry bai ɓoye cewa haka yake hango gobe ba. Amma a 1994, a shirin Babylon 5, da aka ce kowace al'umma ta nuna addininta, kwamandan 'yan Adam ya jera dogon layi na mutane, da Musulmi da Kirista da Bayahude da mai addinin gargajiya da wanda bai yarda da komai ba, yana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta wurin, J. Michael Straczynski, shi kansa ba mai addini ba ne. Yadda aka yi marubuta biyu marasa addini suka hango gobe iri biyu, da inda Musulmi yake tsayawa a kowacce, shi ne abin da babi na shida zai bi.